Talotalon Mai Gidan Hayarmu Ya Zama Dawisu

Kwana da kwanaki ke nan abinci ba ya wuce mini maƙogwaro. Ko cokali ne ya faɗi a kicin sai gabana ya yanke, in ɗauka mai gidan hayarmu ne ya zo ya ce mu kwashe komatsanmu. Ni ban yi wani dogon karatu ba, saboda haka ku yi haƙuri da rubutuna. Amma abin ya kai inda dole in amayar da shi, kafin ya fitar da ni daga gidan da na haifi 'ya'yana duka a cikinsa.

Mafarin abin dai katun ne, irin na dabbobin gidan zu ɗin nan masu magana. Autata 'yar shekara bakwai ce, kuma in aka kunna mata shi ko gobara aka yi ba za ta waiwayo ba. Ba zan ci amanarsa ba, ya yi mini rana. Shi ya sa nake samun in yi wanki da girki ba mai jan zanina. Akwai ma wani da 'yar giwa ta ɓace wa uwarta, na zauna da wuƙa da albasa a hannu ina sharar hawaye. Auta ta ce, "Mama, kuka kike?" Na ce albasa ce.

Amma fa in kin ga ɗaya kin ga duka. Dabbobi suna cikin keji, ana ba su abinci safe da yamma, ba sa biyan haya, ba sa biyan wuta, sai kawai su ce sun gaji, za su gudu. Su gudu ɗin, su faɗo daga saman bene su miƙe ko ƙwarzane babu, ɗaya ya yi tusa a yi ta dariya, a ƙarshe kowa ya kama rawa. Duk ɗan Adam da ke ciki kuma mugu ne, musamman wanda ke riƙe da makulli. Kina murna ya ƙare, sai ki ji an ce ga kashi na biyu ya fito, sun sake guduwa. Waƙar kuma ta maƙale miki a ka, har kina shanya ki tsinci bakinki yana yi.

Baban Auta mai fenti ne. Yana fentin gidaje, yana rubuta allunan shaguna. A wurinsa duk abin da ke duniya fenti ne. Ya ga sabuwar mota, fenti ce. Ya ga amarya ta yi kyau, fenti ne. Ran nan ya dawo daga aiki, ya yi sallama, Auta ba ta amsa ba. Ya sake yi. Idonta na kan wani zaki da ke zamewa a kan ɓawon ayaba, tana ƙyaƙyata dariya har da buga ƙafa.

Ya ajiye buroshinsa ya ce, "Maman Auta, yaushe rabon da yarinyar nan ta yi mini dariya irin wannan?"

Na ce, "Ai kai ba ka taɓa zamewa a kan ɓawon ayaba ba."

Ya ja kujera ya zauna, ya ƙura wa talabijin ido kamar likita na duba hoton ƙashi. Can ya gyaɗa kai ya ce, "Na gano su. Fenti ne."

"Mene ne fenti?"

"Dabbobin nan. Na gaske ne. Shafa musu kala aka yi, wani ya ɓuya a baya yana yi musu murya. Dubi jikin raƙumin dawan can, ko shafi biyu ba a yi masa ba. Aikin ɗan koyo! Ni da ake nuna allona da yatsa, wannan ne zai gagare ni? Zan yi wanda ya fi shi, mai tarbiyya, a tsakar gidan nan, a gaban idon yarinyar nan."

Na ce, "Allah ya ba da sa'a," don na ɗauka irin cika bakin da ya saba ne, wanda kan huce in an ci abinci. Ashe wannan karon cikar ta zo da ƙarar kwana.

Washegari ya kai maganar shagon Mai Aski da ke ƙofar gidanmu. Ina jiyo su ta taga. Mai Aski ya ce, "Maigida, ni fa na ji an ce kwamfuta ce ke zana su."

Ya ce, "Kwamfuta ta taɓa riƙe buroshi? Ta taɓa hawa tsani? Kai dai tsaya kan ƙeyar mutane, ka bar wa masu kala kalarsu. Wayarka tana ɗaukar hoto mai motsi?"

"Tana ɗauka."

"To na ɗauke ka aiki. Daga yau ka riƙa ce mini Darakta."

Mai Aski ya ce, "An gama, Darakta," yana ƙifta wa wanda yake yi wa aski ido. Shi dai ya samu abin kallo kyauta.

Nan aka shiga neman 'yan wasa. Akuyar Tela, mai shago a layinmu, ita ce raƙumin dawa. Kyanwar maƙwabciyata ita ce damisa. Maƙwabciyar nan Rediyo ake ce mata, don in kin gaya mata magana a bakin famfo, kafin bokitinki ya cika an ji a ƙarshen layi. Ta miƙa masa kyanwar ta ce, "Ga ta nan, Darakta. In ta yi suna a duniya, a tuna ni na raine ta." Zaki kuwa aka rasa wanda ya cancanta, sai shi da kansa. Labulen falona mai ruwan ɗorawa, wanda ƙanwata ta ba ni, shi ya zama fatar zaki. Gezar kuma ya ɗaura ta da busasshiyar ciyawa.

Na ce, "Baban Auta, ciyawa? Ga akuya a wasan?"

Ya ce, "Ke kin taɓa ganin akuya ta kusanci zaki?"

Yanzu bari in gaya muku wane ne Manaja, don shi ne silar rashin barcina. Mai gidan hayarmu tsoho ne, matarsa ta rasu, 'ya'yansa duk sun watse, ba abin da ya rage masa sai wani ƙaton talotalo. Shi ya raɗa masa Manaja, saboda kullum sai ya bi ƙofa-ƙofa yana leƙa 'yan haya yana hura hanci. A kwano ɗaya suke cin shinkafa. Wani ɗan haya ya taɓa korar Manaja da tsintsiya, wata bai ƙare ba aka ga kayansa a kan kura. Shi ya sa duk gidan, in Manaja ya taka miki shanya, sannu za ki yi masa.

Ana cikin shirin nan tsohon ya ce zai je duba 'yarsa da ta haihu. Ya ƙwanƙwasa ƙofata, ya ce, "'Yata, duk gidan nan ke ce mai hankali. Ga Manaja nan amana. Ba ya son ruwan sanyi, ba ya son a ɗaga masa murya."

Na durƙusa na ce, "Baba, ka tafi da kwanciyar hankali. Ko gashi ɗaya ba zai faɗi ba."

Gashi dai bai faɗi ba, wannan kam na cika alkawari.

Ranar wasan da safe na tafi kasuwa. Na dawo da kwando a ka, ina shiga tsakar gida sai na ga wani tsuntsu da ban taɓa gani ba. Ƙirji shuɗi, fukafukai kore, a wutsiya an jera masa manya-manyan idanu zagaye, kowane da ɗigon ruwan zinare a tsakiya. Na tsaya ina cewa tsarki ya tabbata ga mai halitta. Sai tsuntsun ya kalle ni ya ce, "Gulu-gulu-gulu!"

Kwandon ya sulɓe, tumatir ya watse.

Baban Auta ya fito yana goge hannu da tsumma. "Yaya kika gani? Gidan zu ba dawisu ai kango ne."

"Baban Auta, amana ce fa! Amanar Baba ce ka shafa wa shuɗi!"

"Gyara shi na yi. Tun da aka ƙyanƙyashe shi bai taɓa yin kyau irin na yau ba."

"Zai fita dai ko?"

Ya ce, "Maman Auta, ki bar wa masu sana'a sana'arsu." Ya juya ya tafi ɗiga wa kyanwa baƙi-baƙi.

Da la'asar tsakar gida ta cika. Yaran layi duk sun zo sun zauna a kan tabarmi, iyayensu mata sun jeru a bakin ƙofofi. An saka akuya a cikin tsohon gadon jariri, an ɗaura mata dogon bututun kwali a wuya, da kan raƙumin dawa a samansa, nata kan kuma yana leƙowa ta ƙasa. Kyanwa na ƙarƙashin kwandon wanki, an danne da dutse. Manaja na cikin kejinsa. Shi kuwa Darakta ya haɗa nasa kejin da tsofaffin ƙarafan taga, ya shiga, ya sa Tela ya murɗe ƙofar da waya tamau, don kada a ce zakin wasa ne. A hannunsa akwai mazurari, da shi zai yi muryar kowa.

Rediyo ta ce, "Maman Auta, labulenki ya yi wa mijinki kyau. Ya fi kyau a jikinsa da a taga."

Na ce, "Ki ji da damisarki."

Mai Aski ya ɗaga waya. Zaki ya yi gyaran murya ta mazurari.

"Ni ne sarkin dawa! Ina godiya ga mai ba ni abinci. Keji daɗi ne da shi. Duk wanda ake ci da shi, ake tufatar da shi, to idan babba ya yi sallama ya amsa!"

Ya ɗan saci kallon Auta. Ya matse murya ya koma raƙumin dawa: "Gaskiya ne, ranka ya daɗe. Ni ma ba zan taɓa guduwa ba." Akuya ta ce, "Meee." Ya koma damisa, ita ma ta ce keji ya fi mata ko'ina. Dawisu ma haka. Aka sake zagayowa kan zaki, ya ɗora daga inda ya tsaya.

Wani yaro ya yi hamma har sai da na ga hanƙarsa. Sannan ya ce, "Yaushe za su gudu?"

Zaki ya ce, "Ba za su gudu ba! Waɗannan masu tarbiyya ne."

"To yaushe za a yi tusa?"

"Wa ya kawo yaron nan? A fitar da shi!"

Rediyo ta ce, "Darakta, ko a tsallake wa'azin a je wurin rawa? Na bar tukunya a wuta."

Auta ita aka ba aikin 'yar mai gadin gidan zu. Za ta shigo da kwanon dusa, ta ajiye, dabbobi su yi mata godiya. Ta shigo, ta tsaya a gaban akuya. Akuyar nan bututu ya shaƙe ta, tana kuka mai ban tausayi. Na ga idon Auta ya cika da ƙwalla, na ga ta ciji leɓe, irin yadda yarinyar cikin katun take yi kafin ta sace makulli. Na ce a raina, shi ke nan, an gama da mu.

Ta ɗaga murya ta ce, "Ku gudu! Kowa ya koma dawa!" Ta zare katakon gadon, ta ture dutsen kwando, ta buɗe wa Manaja.

Yara suka miƙe da ihu, "An fara! An fara!"

Damisa ta fara. Fentinta bai gama bushewa ba, ta yi tsalle ta faɗa kan farin zanin gadon Rediyo da ke shanya, ta bi shi daga wannan baki zuwa wancan. Rediyo ta ɗora hannu a ka. Tun da nake da ita ban taɓa ganin ta rasa abin faɗa ba sai ranar. Raƙumin dawa kuma ya fito, dogon wuyansa ya share igiyar shanya, ya yi gaba da ɗan kamfan wani a ka kamar hula. Ya zagaya tsakar gida sau ɗaya, sannan ya tsaya cak. Ya hango ciyawa.

Zaki ya ce, "Kai! Kul! Tela, kama akuyarka!"

Akuya ta cusa kai tsakanin ƙarafa ta cafki gezar ta fara ja. Igiyar da ya ɗaura gezar a haɓarsa take, saboda haka duk ja ɗaya sai goshinsa ya gaisa da ƙarfe.

"Wayyo Allah! Tela, buɗe ni! Maman Auta! Za ta cinye mini kunne!"

Tela ya ce, "Darakta, kai ka ce a murɗe tamau. Sai na nemo filaya."

Mai Aski ya ce, "Ɗan juyo nan, Darakta, haske ya fi kyau ta wannan gefen."

Ya yunƙura zai miƙe, kejin ya tashi tare da shi, ya taka tumatir ɗina da bai tsintu ba, ya zame, shi da keji suka kife a kan gwangwanin fenti. Manaja, wanda tun safe yake haɗiye fushi, ya ga dama ta samu. Ya baza wutsiyarsa mai idanu, ya zagayo ta baya, ya dinga saran wurin da labulena bai rufe ba. Yara kuwa suka kama hannun juna suka kewaye su, suna rawa suna rera waƙar katun ɗin nan da ta hana ni sakat. Auta na tsakiyarsu tana dariya har da riƙe ciki.

Ana wata ga wata. Sai muka ji an ce, "Salamu alaikum."

Baba ne, da jaka a hannu. Ashe 'yar tasa ta samu sauƙi, shi kuma kewar Manaja ta hana shi zama.

Tsakar gida ta yi tsit. Manaja ya firgita da shirun, ya haye kan durom, daga nan ya kama katanga. Baba ya ɗaga kai, ya gyara tabarau.

"Ikon Allah. Wannan dawisun na wane ne?"

Rediyo ta buɗe baki, na harare ta, ta rufe. Sai dawisu ya hango ubangidansa, ya miƙa wuya ya ce, "Gulu-gulu-gulu!"

Jakar Baba ta faɗi. "Manaja? Kai ne?" Ya juyo ya kalle ni. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Can ya nisa ya ce, "To. Abin da ya faru ya faru. A ɗora ruwan ɗumi, a kawo sabulu, a wanke shi."

Jama'a, tsohon nan ya buɗe mana ƙofar fita. Abin da ya rage kawai mutum ya yi shiru. Amma daga cikin keji, a kife, da rabin geza a bakin akuya, sai muka ji murya:

"Sabulu? Haba Baba, kada ka ci mini mutunci a gaban jama'a. Ni na yi kama da mai aiki da fentin ruwa? Na mai ne, mai tsadar. Ka dubi allon Mai Aski, damina nawa ta wuce a kansa, ko dusashewa ya yi? Aikina ba ya fita!"

Mai Aski ya ce, "Wannan kam na shaida."

Daidai nan Manaja ya dira ta bayan katanga. Aka bi shi, aka duba lungu da kwata, ko ƙasa ko sama.

Baba ya ɗauki jakarsa ya ce, "Ku saurare ni. Kafin wata ya ƙare ku dawo mini da Manaja yadda na bar shi. Yadda na bar shi na ce. In ba haka ba, ku nemi wani gidan ku yi masa fenti."

Kun ɗauka mutumin naku ya yi nadama? Da aka fito da shi da filaya, goshi ya kumbura, abin da ya fara tambayata shi ne, "Kin ga yadda Auta ta yi dariya? Wane zakin talabijin ne ya taɓa sa ta riƙe ciki?" Hoton da Mai Aski ya ɗauka kuma ya zagaye wayoyin layi, yara na bin sa suna cewa, "Baba Zaki, yaushe kashi na biyu?" Shi kuma yana ɗaga musu hannu kamar wanda ya ci zaɓe. Yanzu ya naɗa kansa maharbi. Kullum da sassafe zai fita da igiya da kwando, yana duba ƙasa, wai shi kashin tsuntsu kawai zai gani ya san inda ya nufa.

Ni kuwa shekaranjiya na buɗe ɗan sitonmu na bayan kicin zan ɗebo gawayi, sai ga idanu masu ruwan zinare suna kallona. Manaja ne zaune a kan tsohon bargona, ga kwanon shinkafa, ga ruwan ɗumi. Auta ta shigo da gudu ta tare ƙofar da hannuwanta.

"Mama, kada ki faɗa! Ni na same shi a bayan shagon Tela. Ya samu 'yanci. In kika mayar da shi keji, ke ce muguwar mai makulli."

Na ce, "Auta, sito ma ai keji ne, har ya fi nasa duhu."

Ta ce, "A'a, nan maɓoya ce. A kashi na biyu ake kai su dawa."

Na gwada sabulu a ɓoye, na gwada man gyaɗa, ko gezau. Tela ya ce kananzir na cire fentin mai, amma zai iya cire tsuntsun gaba ɗaya. Ƙanwata ta ce in jira ya zubar da gashi ya yi sabo, to wata ba ya jiran gashin talotalo. Jiya muna cin abinci Manaja ya saki gulu-gulu daga sito, na ƙware da ruwa. Babban maharbi ya kasa kunne, ya ce, "Famfon nan ya fara shan iska, gobe zan duba shi." Sannan ya matso ya rage murya:

"Maman Auta, ki kwantar da hankalinki, na gama shiri. Na haɗa kalar talotalo, baƙi da ruwan ƙasa da ɗan ja. Ina kama shi, shafi biyu kawai zan yi masa. Baba da kansa ba zai gane ba, sai dai ya ce ya ƙara ƙyalli."

Gwangwanin na nan a ƙarƙashin gadonmu, na gan shi da idona. Na mai ne.

To 'yan uwa, ga ni gaba kura baya sayaki. In kai wa Baba shi a shuɗinsa, ya ce ba haka ya bar shi ba, kuma 'yata ta daina kallona da idon rahama. In gaya wa ubanta, ya ƙara masa shafi biyu. In yi shiru, wata ya ƙare mu kwana a titi, da labule mai ramin kai a tsakiya. Rediyo kuma tun safe ta leƙo sau biyu aron gishiri, tana shaƙar iska tana kallon ƙofar sito, da na ce mata ƙarar famfo take ji, sai ta tambaye ni yaushe na fara dafa wa famfo shinkafa. Don Allah ku gaya mini, wa zan fara buɗe wa ƙofar nan?